Jar Butar da Madugu Ya Nema

A shekarar da na sayi motata ta farko, na yi wa Inna alkawarin ni zan kai ta gida Arewa da Babbar Sallah, tana zaune a gaba. Shekara da shekaru a doguwar bas take tafiya daga Agege, kafin a isa ƙafafunta sun kumbura. Tun ranar da na faɗa mata ta ɗinka sabon mayafi, ta kuma sanar da duk matan layinmu.

Masu motoci a unguwarmu ba sa tafiya ɗaiɗai. Ayari ake yi, a tashi bayan sallar asuba. Mai jan ayarin wani dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa tirelar shanu, Madugu muke ce masa. Kafin tafiya yakan duba kowace mota da kansa, wadda bai yarda da ita ba kuwa ba ta shiga. Inna ta ce ita ba ta bin wannan doguwar hanya sai a cikin ayari, in ba haka ba gara mata bas ɗinta.

Asabar za mu tashi. Ran Laraba ina dawowa daga gidan rediyon da nake karanta labarai, a cikin gosulon Oshodi, motoci sun cushe, sai wata jar fitila mai siffar buta ta kama a gabana. Ita ce ke gargaɗi in ƙarfin baƙin mai ya faɗi a cikin inji. Na gangara gefe na auna man, yana nan daidai. Wani bakanike na bakin titi ya zura hannu ta ƙasan injin, bai yi minti biyu ba ya ce, “Oga, an gama.” Na tayar, babu ja. Don murna ban tambaye shi abin da ya yi ba. Har waƙa na yi a hanya.

Ran Alhamis bayan la'asar muka jera motoci a ƙofar masallaci. Tawa na wanke ta tana ƙyalli. Madugu ya daki tayoyi da ƙafa, ya leƙa ruwa, sannan ya zauna a kujerar direba. Ya murɗa makulli rabi, bai tayar ba, ya zuba wa fitilun ido.

“Mai labarai,” ya ce, “ina butarka?”

“Ai an gyara, Baba.”

“An gyara, ko an yanke mata harshe?”

Masu jiran layi suka fashe da dariya. Ya bayyana mini a natse: mota mai lafiya, in ka murɗa makulli dole butar ta kama, in inji ya tashi ta mutu. Tawa ba ta kama ba sam, wato an zare mata waya.

“Kai a gidan rediyonku, in labari bai yi maka daɗi ba, kashe makirfo kake yi?” Ya miƙo mini makullin. “Gobe bayan la'asar ba na ƙara duba motar kowa.”

Na koma gida na tarar Inna tana ɗaure ƙunshin goro. Na ce mata akwai ɗan gyara. Ta dube ni ta ce, “In bas ce ka faɗa mini da wuri.”

Da sassafe ran Juma'a na tafi Isolo, garejin wani Bayarbe da ya yi shekaru a Kano, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya gano wayar tana reto kusa da filtar mai. Ya ce abu biyu ne: ko sansa ce ta lalace, wato ƴar na'urar da ke jin ƙarfin mai ta kai wa fitilar labari, ko kuwa gaskiya take faɗa, famfon mai ya gaji. In na biyun ne sai an sauke inji, tafiya ta rushe.

“Ta yaya za mu sani?” na ce.

“Alhaji, ba ku ƴan jarida kuke cewa sai an ji daga majiya biyu ba? Bari mu tambayi geji.”

Ya kwance sansar, ya ɗaura bututun geji, agogon auna ƙarfin mai, a gurbinta, ya ce in tayar. Ban taɓa zuba wa allura ido kamar ranar ba. Ta yi tsalle ta hau, ta tsaya cak. Muka jira inji ya yi zafi, ta ɗan sauko ta zauna inda ya kamata. Ya ce in taka totur, na taka, ta sake hawa. Na buga sitiyari na yi kabbara, har mai sayar da lemo a bakin gareji ta juyo.

Ya nuna mini tsohuwar sansar. Ba ta fi babban yatsana ba, mai ya tsattsafo ta cikinta ya jiƙa bakin wayar. Na hau okada da ita a aljihu don a gwada zaren murɗinta da na sabuwa, na bi shago uku kafin na sami irinta. Da na dawo na roƙe shi ya bar ni in ɗaura da hannuna. Ya yi dariya ya ce in tuɓe babbar riga tukuna. Muka cire kan batir. Na goge gurbin, na fara murɗawa da yatsu don kada zaren ya karkace, sannan ya ba ni doguwar soket in ƙarasa ɗaurewa.

“A hankali, Alhaji, ba ƙofar kurkuku kake kullewa ba. In ta fashe a ciki, a nan za ka yi Sallah.”

Na tura wayar har ta ce ƙas. Muka mayar da batir, muka tayar, muka leƙa ko akwai ɗigo. Babu. A masallacin da ke kusa da garejin na yi Juma'a, da baƙin mai a ƙarƙashin faratuna, sannan na kama hanyar Agege. Gosulo ya riƙe ni, ina duba agogo kamar mai jiran lokacin labarai. Ana idar da la'asar na iso.

Madugu ya zauna, ya murɗa makulli rabi. Butar ta kama, ja wur. Ban taɓa zaton zan yi farin cikin ganinta ba. Ya tayar, ta mutu nan take. Ya kashe ya sake, har sau uku, kamar mai neman ta yi masa ƙarya.

“Yanzu tana magana,” ya ce. “Kai ne na uku a layi. Kada ka wuce ni a hanya.”

Da asubar Asabar Inna ta riga kowa fitowa, da sabon mayafinta. Ta zauna a gaba, ta miƙe ƙafafu, ta ce in ƙara ja mata kujerar baya. Na murɗa makulli, ta hango jar fitilar ta ce, “Wannan fa?”

“Ki dai duba, Inna.”

Na tayar, ta mutu. Inna ta yi bisimilla, ta ɓare goro ta miƙo mini rabi, muka bi bayan mota ta biyu.