Babur Mai Juyayyar Giya

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Nura ya turo baburinsa garejina a Gaya ba. Lokacin kaka ne, ana ɗaukar gyaɗa daga gona, kuma ranar kasuwar Ajingi ce. Na haura shekara ashirin ina gyaran babur, na yaye yara da dama, manyan babura ma na sha kwance su a Kano kafin in dawo gida. Kaina ya gama kumbura, ba na ɓoye muku.

Nura ɗan garin Balan ne, yana aiki a birni, yana cikin samarin da ke tseren babur. Sarƙarsa ce ta saki a hanya. Na ɗaure ta, na duba birki, sai na ce zan gwada. Kun san ƙa'idarmu: makaniki ba ya miƙa babur sai ya hau ya ji da jikinsa.

Ya ce, "Oga Sale, tsaya tukuna, giyar nan fa..."

Na katse shi. "Yaro, tun kana rarrafe nake taka giya. Ba ni makulli."

Ya miƙo min har da hular kwano.

Ga wanda ba makaniki ba, bari in yi bayani. A babban babur na hanya, ka taka ƙasa ka shiga giya ɗaya, sauran kuma sama kake ɗagawa da yatsun ƙafa. Na tsere kuwa juya shi suke yi: ɗaya tana sama, sauran duk ƙasa. Wannan ne Nura ya so ya gaya min.

Na taka ƙasa, a zatona ɗaya ce, ashe biyu na shiga. Injin yana da ƙarfi, bai ko yi tari ba. A hankali na ratsa gari ban canza ba. Da na hau hanyar Ajingi na ga kwalta a miƙe, sai na murɗa totur. Wallahi ban taɓa jin gudu irin wannan ba, bishiyoyi sai wucewa suke yi fiu-fiu. Ina ta yaba wa abin a raina, wai giya ɗaya kaɗai ke wannan aiki.

Can gabana akwai amalanken shanu, an labta masa buhunan gyaɗa, wani dattijo yana kora, wata yarinya ƙarama tana zaune a saman buhunan. Na ce bari in ƙara giya in wuce su. Na kama kuloci, na ɗaga ƙafa sama, na saki, ashe giya ɗaya na koma ina cikin wannan gudu.

Innalillahi! Injin ya kurma wani ihu, tayar baya ta ƙame, babur ya fara wutsil-wutsil yana jan jiki kai tsaye zuwa amalanken. Na ga yarinyar ta juyo, rake a hannunta, tana kallona ba ta ma san abin da ke tahowa ba. Tsoron da na ji ba na raina ba ne kawai. Abin da ya zo min shi ne: yau na kashe 'yar mutane, da wane baki zan yi bayani?

Ban san lokacin da hannuna ya sake damƙe kuloci ba. Tayar ta saki, babur ya fizge ni gefe, na gogi ƙarshen buhu da gwiwa, na faɗa cikin gonar wani, ƙasa ta cika min baki. Shanun suka firgita suka yi gaba da gudu, ina kwance ina jin kukan yarinyar yana nisa. Wannan ɗan lokacin kafin dattijon ya tsayar da su, ya fi min shekara tsawo.

Ya dawo da ita a saɓe, ko ƙwarzane babu. Ya ce shi mutumin Gafasa ne, jikarsa ce. Ina jira ya zage ni, sai ya ce, "Sannu malam. Halan koyo kake yi?"

Ni da yara ke kira Oga! Sai na ce, "E, Baba, koyo nake yi."

Nura ya iso a kan ɗan acaɓa. Bai ko kalli baburin ba sai da ya ga na miƙe. Daga baya ya bayyana min cewa idan mai tsere ya kwantar da babur a kwana, ƙafa ba ta samun wurin shiga ƙarƙashin ƙarfen giya, shi ya sa suke mayar da ƙarin giya ya zama takawa. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Shi ya sa kuke ganin duk wanda ya kawo babur garejin nan, ko roba-roba ne, sai na ajiye sifana na bar shi ya gama maganarsa. Kuna min dariya, kuna cewa Oga ya tsufa ya fiye tambaya. Ku yi dariyarku. Yarinyar nan yanzu ta yi girma, duk ranar kasuwa nakan gan ta ta wuce da kakanta, kuma har yau idan ta gaishe ni ƙafata ta hagu, mai taka giya, sai ta yi sanyi.