Taguwar da Na Bari a Adudu

Shekarar da mahara suka yawaita a ƙasarmu, ina goyon 'yata, haihuwata ta biyu. Ƙauyenmu yana tsakanin Danja da Maska, ba ganuwa, sai shingen ƙaya. Da hatsi ya fara fitar da kai, mai gari ya sa aka yi shela: kowane gida ya ɗaure ƙunshi ɗaya ya ajiye bakin ƙofa, in an ji kuge a ruga Maska.

Surukata, wadda nake kira Inna, ita ta sauko da adudun da muke ajiye tufafi. Muka zauna a inuwar rumbu da hantsi, tana fiddowa tana warewa. Farin zanena ta ture gefe.

"Mai doki yana hango fari tun daga nesa," in ji ta. "Ɗauki baƙin saƙi. Shi ba ya tona asiri a cikin dawa."

Ta sa majayi biyu saboda goyo, da tsohuwar rigar mijina, da gwado ɗaya. Gwado biyu gare mu, amma ta ɗaga ƙunshin ta ce wanda zai yi gudu da yarinya a baya ba zai ɗauki biyu ba.

A ƙasan adudun akwai 'yar taguwar ɗana na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke bara waccan. Ni na kaɗa zarenta. Ko da yana raye ban taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, da ya rasu ma ban yi kuka a gaban mutane ba. Na faki idon Inna na cusa ta cikin gwadon. Ashe ta gani.

"'Yar nan, wa zai sa ta?"

Na ci gaba da naɗe gwadon.

"Nawa huɗu na binne," ta ce a hankali. "Ƙunshin nan na masu rai ne. Mayar da ita."

Na mayar, amma kwana biyu ban yi mata magana ba sai gaisuwa.

Ran na shida da ɗaure ƙunshin aka buga kuge da la'asar. Mijina ya tsaya tare da maza, mu muka bi ta cikin gonaki. Ruwa ya kece mana a hanya kamar da bakin ƙwarya. Inna ta kwance ƙunshin, ta lulluɓe ni da yarinyar da gwadon, ita kuwa ta tafi da zane ɗaya a jiƙe har Maska. Na ce mu raba, ta ce tsohuwar fata ba ta jin ruwa.

Tari ya kama ta a zauren da aka sauke mu. Kwana tara ta yi ta rasu. Ban samu na roƙe ta gafarar fushin da na yi ba, don da na buɗe baki sai ta ce in shayar da yarinya.

Mijina ya iso bayan an binne ta, da labarin an ƙone ƙauyen ƙurmus. Ba mu koma ba. A Maska muka nemi gona, a nan 'yar tawa ta girma.