Hannun Hagun Mai Tocila

Mahaifina mai sassaƙa hatimi ne, amma duk layinmu Mai Tocila ake kiransa, kuma ba sayar da ita yake yi ba. Shagonsa bai fi taku huɗu ba, a matse tsakanin mai gyaran takalma da mai ɗaukar hoton fasfo. A nan ya shekara arba'in yana yi wa makarantu da ofisoshi hatimi, yana zana sunaye a jikin kofunan gasa da zobban azurfa. Da wannan ya ciyar da mu. Amma abin da ya fito da sunansa daban ne: duba tsofaffin kwandaloli, irin waɗanda wasu mutane suke tarawa suna ji da su kamar 'ya'yan cikinsu.

Ga wanda bai san harkar ba, darajar tsohuwar kwandala tana ga zanenta. In ta sha hannu ta goge, ta faɗi ke nan. Shi ya sa 'yan dabara suke ɗaukar gogaggiya su bi zanen da ɗan ƙaramin kurfi, wato abin sassaƙa ƙarfe, su sake fito da shi, su murje ƙwarzanen da ke fili, su shafa mata gwaiduwar ƙwai ta yi duhu-duhu kamar haka shekaru suka bar ta. Sai tsohuwa ta dawo yarinya, a sayar wa mai tsautsayi.

To, irin waɗannan Baba yake kamawa. In aka kawo masa kwandala sai ya janyo ƙofa, ya kashe ƙwan fitila, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwantar da tocilarsa a gefe yadda haske zai bi fuskar ƙarfen a kwance. Sannan ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido. Tun ina firamare nake leƙa wannan gilashi, yana yi mini bayani kamar wata babba.

"Duba nan, Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Layin da inji ya buga, gindinsa a zagaye yake, sumul. Wanda hannu ya yanka yana da kaifi, kuma ƙarfen da kurfi ya ture sai ya taru a gefe ɗaya, kamar ƙasar da garma ta kwantar. Sannan ki tambayi kanki, yaya aka yi kumatun mutumin da ke jikin kwandalar nan suka goge amma gashin kansa yake tsaye ƙyam?"

In Baba ya ce kwandala lafiyayya ce, magana ta ƙare. In ya ce an taɓa ta, ko mai ita zai yi birgima a ƙasa, an taɓa ta. Bai tara dukiya ba, ko mota bai taɓa saya ba, wannan sunan shi ne iyakar abin da ya mallaka, kuma wallahi ina taƙama da shi. Mutum ɗaya ce ba ta kiransa Mai Tocila, wato Gwaggo, yayarsa. Ita Bahago take ce masa. Abin yana ba ni dariya, domin da dama yake rubutu, da dama yake sassaƙa, hagunsa kuwa riƙe abu kawai take yi. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Rabu da gwaggonki, tsokana ce."

Sai Allah ya haɗa ni aure da malamin lissafi mai ciwon tara kwandala. Mutum ne mai sanyi, amma in ya samu sabuwa sai ka rantse an yi masa albishir da kujerar Makka. Wata Laraba ya shigo gida ko takalmi bai cire ba, ya buɗe mini 'yar auduga a tafin hannunsa. Azurfa ce, da tsuntsu ya buɗe fuka-fukai, kowane gashi ana iya ƙirga shi. Kwandaloli goma sha ɗaya mafi kyau a akwatinsa ya bayar aka musanya masa ita. Manya uku na ƙungiyarsu ta masu tara kwandala sun duba, sun sa hannu a takarda cewa hannu bai taɓa ta ba, kuma ita za a sa a tsakiyar teburi ranar Asabar, a baje-kolin da suke yi duk shekara a zauren wata makaranta. Ranar ko abincin kirki bai ci ba, sai zagaye falo yake yi yana murmushi shi kaɗai. Ni ma murnar ta kama ni, har na ciro ɗinkin da nake ɓoyo.

Washegari da la'asar muka kai wa Baba, don a yi murnar tare. Ya janyo ƙofa, ya kwantar da tocila, ya sunkuya. Ya daɗe. Da ya ɗago sai ya ce wa maigidana, "Malam, je ka sayo mana batir a bakin titi, wannan ya yi sanyi." Batirin nan lafiyarsa lau, ni na sa masa shi shekaranjiya.

Yana fita Baba ya ce, "An taɓa ta, Uwata. Kuma ni na taɓa ta."

Na janyo kujerar roba na zauna. Ya ba ni labarin a gurguje. Yana ɗan shekara ashirin da biyu wani dillali ya kawo masa ita a goge, tsuntsun kamar figaggiyar kaza, ya ce babu mai hannun da zai dawo da gashin nan. Ƙuruciya da son a sani suka ɗebe shi, ya kwana tara a kanta. Daga baya ya ji an sayar wa wani dattijo a matsayin wadda ba a taɓa ba, kuma kafin ya gano inda take, dattijon ya rasu, kwandalar ta shiga duniya. Da hagu ya yi aikin, domin bahago ne tun haihuwa. Daga ranar ya haramta wa hagun riƙe kurfi, ya shekara guda yana yanke yatsu kafin dama ta koya.

Ni fa ba waliyyiya ba ce. Cewa na yi, "Baba, ku yi shiru. Manya uku ba su gani ba, wa zai gani? In kuma dole ne, ku ce an taɓa ta kawai, ba sai kun ce wane ne ba. Shekara arba'in kuna gina suna, ku rushe shi da bakinku?"

"In na ce an taɓa ta, za su ce in kawo hujja. Aikin ya yi kyau da yawa, babu hujjar da za ta gamsar da su sai hannun da ya yi shi." Sai kuma ya sake leƙa gilashin, idonsa yana ƙyalli, ya ce, "Amma Uwata, kin ga gashin fiffiken nan kuwa? Kin ga aiki?" Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni, na rasa wanda zan fara.

Da maigidana ya dawo da batir, Baba ya maimaita masa komai, bai rage ba. Fuskar bawan Allah ta faɗa. Can ya ce, "Baba, zan janye ta daga baje-kolin. Babu wanda zai ji."

"Takardar manya uku tana nan, Malam. Wata rana ba ni, ba kai, takardar za ta sake sayar da ita."

Ranar Asabar zauren ya cika. Ni dai ɗinkin da na sa ma ya ishe ni. Baba ya nemi a sauke labule, ya kwantar da tocila kusa da tsuntsun, ya nuna musu ƙirjin da ya goge sumul alhali gashin fiffike yana da kaifi, ya nuna ɗan tudun ƙarfe a gefen kowane layi. Shugaban ƙungiyar, wanda yake cikin masu sa hannu, ya leƙa ya girgiza kai.

"Mai Tocila, muna girmama ka, amma wannan tudun ai a ɗaya gefen yake. Ba haka muke ganinsa a gyararru ba. Bugun inji ne."

"Na mai dama kuka saba gani, ranka ya daɗe."

Baba ya ciro wani gogaggen kwabon jan ƙarfe daga aljihu, ya ɗora a kan ɗan katako, ya ɗauki kurfi da hannun hagu. Jama'a, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Hannun da na sani yana riƙe kofi da jakar kasuwa, sai ga shi yana tafiya a kan ƙarfe kamar jiya ya ajiye aikin. Kafin minti biyar ya fitar da gashin tsuntsu uku. Ya ajiye kwabon kusa da azurfar, ya miƙa wa shugaba gilashi.

"Tudun iri ɗaya ne, gefe ɗaya ne. Ni na yi wancan, shekara arba'in da suka wuce."

Zaure ya kaure. Wasu suna ture juna don su leƙa, wasu suna salati. Wani mai babbar riga ya ce ashe mai gyara muke kai wa dubawa, ya tattara akwatinsa ya fita, biyu suka bi shi, kuma har yau ba su sake taka shagon ba. Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Baba ya tsaya kawai, ya zura hagunsa a aljihu, kansa a ƙasa, kamar ɗalibin da ke jiran bulala.

Sai na ga maigidana, mai sanyin nan, wanda ya yi asarar kwandaloli goma sha ɗaya, ya ɗauki katin bayanin da ke gaban tsuntsun. Ya juya bayansa, ya yi rubutu da jan biron da yake duba jarrabawa da shi, ya mayar. Na matsa na karanta: "Gyararriya ce. Aikin surukina ne, yana ɗan shekara ashirin da biyu. Ba ta sayarwa ba ce."

Shugaba ya karanta shi ma. Sannan ya laluba aljihun ƙirjinsa ya ciro wata kwandala a naɗe cikin auduga, ya ajiye a kan farin ƙyallen Baba. "Duba mini wannan," ya ce. "Shekara shida ina tsoron kawo maka ita." Kafin in share hawayena layi ya kai bakin ƙofa, maigidana shi ne na biyu a layin, rungume da akwatinsa gaba ɗaya.

Baba ya dubi layin, ya dube ni. Ya zaro hagunsa daga aljihu, ya ɗauki tocilar da ita, ya ce, "Uwata, gyara labulen can, haske yana shigowa."