Durƙuson Uwaisu

Uwaisu ɗan unguwar Sharaɗa ne, shugaban leburori a wani kamfanin jima a Challawa. Na san shi tun yana ɗaukar ɗanyar fata a ka, lokacin ina akawu a wurin. In ya daka tsawa, har direbobin tirela sai sun kashe rediyo. Da na yi ritaya, shi da matarsa Zaituna suka kama haya a gidana a Ɗorayi, katanga ɗaya ta raba mu.

A gida wani mutum ne daban. In ya taso daga aiki zai yi wanka ya kawar da warin fata, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki har sai ta ce ya shigo. Ba ya cin abinci sai da izininta. "Ranki ya daɗe" yake ce mata, yana kiran kansa bawanta.

Ba ita ta nema ba. Zaituna ta gaya mini shi ya roƙa, bayan haihuwarsu ta fari. Ya ce wuni yake yana ba da umarni, alhali a ransa bai taɓa jin ya kai ba. Sai an ce masa yi, an ce masa bari, sannan hankalinsa ke kwanciya. Ta daɗe tana ƙi, don ba haka aka raine ta ba. Daga baya ta yarda, bisa sharaɗin ba mai ji, kuma duk ranar da ɗayansu ya ce ya isa, to ya isa. Ba ta taɓa wulaƙanta shi ba. Ni dai na ga ya yi ƙiba, ya daina faɗa da 'yan adaidaita.

Wata Asabar yayarsa Uwani ta faɗo gidan, sallamarta da shigarta lokaci guda. Ta same shi durƙushe da buta yana wanke wa Zaituna ƙafa. Kafin la'asar dangi sun cika tsakar gida, ni ma na ja kujera na zauna.

Kawunsu ya ce, "Uwaisu, gaya mana gaskiya. Da hankalinka kake wannan, ko wani abu aka yi maka?"

Zaituna ta zuba masa ido.

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Kawu, ni ma ban sani ba. In na shigo gidan nan sai in ji kamar ba ni ba."

"Kun ji ko?" in ji Uwani. "Ta shanye shi."

Na ce, "Uwaisu, ka ji tsoron Allah. Katangata ba kauri gare ta ba, na san wanda ke roƙo."

Kawun ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, maganar dangi ce."

Suka kai shi wurin malami. Aka yi masa hayaƙi, aka ba shi rubutu, ya yi amai, aka ce asirin ne ya fita. A satin ya sake ta.

Yanzu Zaituna tana ɗinkin buhu a Bompai. Duk wanda ya zo neman aurenta, sai an ja shi gefe an ba shi labari. Uwaisu kuwa ya rame. Bara ya zo mini da rana tsaka, ya zauna a ƙasa, wai in lallashe ta ta dawo, a ci gaba yadda ake, a ɓoye.

Na kai saƙon. Ba ta ɗago daga keken ɗinki ba.

"Hajiya, ku ce masa tunda umarni yake so, ga shi: ya je gaban Kawu da Uwani ya faɗi wanda ya roƙa."

Na gaya masa. Ya ce to, ranki ya daɗe. Har yau bai je ba.