Jakin Da Ya Shirya Wa Jirgin Ƙasa

A Malanville, in ka ce Na'inna mai amalanke, sai a tambaye ka, "Na jirgi?" Alhali bawan Allahn nan sau ɗaya tak ya taɓa ganin jirgin ƙasa, a Paraku, yana saurayi. Ran nan a kan idonsa jirgin ya yi kuka, wani jaki ya firgita, ya kife da kayan tumatir har ya karye ƙafa. Abin bai taɓa barin ransa ba.

Shi kuwa Na'inna ba shi da abin da ya wuce jakinsa. Da shi yake ɗauko albasa daga Garu zuwa kasuwa, da shi yake haye gada zuwa Gaya, da shi gidansa ke cin tuwo. Saboda haka shekarar da ma'auna suka zo suka kakkafa turaku, aka ce dogo zai taso daga Paraku ya ratsa gari ya wuce Nijar, kowa na murna, shi barci ya ƙaurace masa.

Sai ya buɗe wa jaki makaranta a bayan gida. Ya samo gangar ƙarfe da usur da tsohuwar odar mota. Kullum da safe ya hura hayaƙin tsumma, ya daki ganga, ya danna oda. In jaki ya tsaya cak, a ba shi dusa. Matarsa Salamatu ta yi magana har ta gaji.

"Malam, wanga mi a a haka? Maƙwabta na ce muna mahaukata!"

"Ƙyale su, Salamatu. Randa jirgi ya taho, su ka zuwa aron jakina."

Jaki dai ya yi ƙwazo, ya fi wasu 'yan makarantar da na sani. Jirgi ne bai zo ba. Ma'auna suka tafi, gara ta ci turaku, aka ce maganar tana kotu, daga baya aka daina cewa komai.

Karatu kuwa ya riga ya zauna. Wata ranar kasuwa, a tsakiyar gada, wani direban tirela ya danna oda. Jaki ya ƙame, ya juyo yana jiran dusa. Direban baya ya danna tasa, na bayansa ma haka, jaki ya ƙara tabbata yau ce ranar jarrabawa. Motoci suka yi layi daga duwan na nan, wato kwastan, har duwan na can. Aka ja, aka tura, ko gezau. Sai da wata mai koko ta kawo dusa a kwano.

Jandarma ya kira Na'inna gefe, yana danne dariya. "Baba, in na sake ganin dabbag ga bisa kwalta, na amshe ta."

Abokai suka ce ya sayar ya sayi wani. Ya dubi jakin, idonsa ya ciko. Shi ya ɓata shi da hannunsa, yaya zai miƙa shi ga wanda zai yi ta jibgarsa kan laifin biyayya? Ya bar gada da kasuwa, ya koma kai taki gonakin Garu, inda ba mota, samu kuma kaɗan.

Har yau samari kan tsokane shi. "Baba, yaushe jirgi ka zuwa?"

Sai ya shafa wuyan jakin. "Ku tambayi manya. Duk cikin aikin ga, mu biyu ɗai munka gama namu."