Dunduniyar Tela

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, likitan ƙashi ya fara ganin Tela, an shigo da shi a kan keken marasa lafiya. Tsani ne ya zame da shi yana gyara rufin shagonsa, ya diro a kan dunduniyar dama. Hoto ya nuna ƙashin ya farfashe gida biyar, tsakiya ta lotsa.

Likita ya ce sai kumburi ya sace za a yi aiki. Za a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike ramin, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi.

"Faci ke nan za ka yi min," in ji Tela. "To, a dai samu yadi iri ɗaya."

An yi aiki rana ta goma sha ɗaya. Sharaɗi ɗaya aka ba shi: mako goma sha biyu ƙafar ba ta ɗaukar nauyi.

Shekararsa talatin da huɗu a kan keken ɗinki na takawa. Zaman gida ya ishe shi tun mako na uku. Daga taga yana ganin masu kawo masa ɗinki suna wucewa da ledojinsu zuwa shagon gaba. A mako na biyar ya sa aka kawo masa keken ɗinkin cikin falo.

"Malam, me likita ya ce?" matarsa ta tambaya.

"Da hagu zan taka, uwar sa ido. Dama tana kan matashi, ga ta nan."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai shi da ƙafa biyu ya koyi keke, hagu a gaba, dama a baya tana danna feda da dunduniya. Da ɗinki ya yi daɗi, hankali ya koma kan allura, sai dama ta sauko da kanta ta kama aikinta. Zafi ne ke sanar da shi. Ya zage ta, ya mayar da ita, bayan wuyan riga ɗaya ta sake saukowa. Matarsa har ɗaure ta ta yi da ɗankwali a ƙafar kujera. Ya kwance, wai shi ba akuya ba ne.

A mako na takwas likita ya daɗe yana kallon sabon hoto.

"Baba, ka yi tafiya?"

"Ko taku ɗaya."

Matarsa ta ce, "Riga goma sha tara dai ya ɗinka."

Ƙashin da aka dasa ya nutse, kusa biyu sun karkace. A watan Yuni aka sake aiki, aka haɗe gaɓar da ke saman dunduniyar gaba ɗaya.

Yanzu yana tafiya da sanda, ƙafar ba ta jure feda ko na minti biyar. An sa wa keken mota, wato injin lantarki. Yana ɗinki in an kawo wuta, in an ɗauke ya zauna yana yanka.