Gyatsar Kawu

Duk ƙasar Ɗambatta babu wanda ya gaji halin kirki kamar yadda na gaji na Kawu, wan mahaifiyata. Har tafiyarsa na ɗauka, da yadda yake karya hula.

A shekarun farin nan da gero ya ƙone tun bai fitar da kai ba, mazan unguwarmu ba su daina ciyayya ba. Bayan magariba kowa ya fito da abin da ya samu ƙofar gidan Kawu, a haɗa a akushi ɗaya. Tuwon dusa ne, miyar kuwa don tsululu kana iya duba fuskarka a ciki. Akwai wani tsoho masaƙi, maƙwabcinmu, da kan kwana biyu ba a ga hayaƙi a gidansa ba. Hannu rabbana yake zuwa, kuma wannan cin shi ne cinsa na yini.

Kullum Kawu ne ke fara tsame hannu. Sai ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ce alhamdu lillahi, ya juya akushin, gefensa ya koma gaban masaƙi. Ina saurayi a lokacin, na ga yadda ake girmama Kawu, na ce ni ma ga sana'a.

Ranar da ya kai akuyarsa ta ƙarshe kasuwa bai dawo da wuri ba, na zauna a buzunsa. Na lissafa cewa mai son fara tsame hannu dole ya yi sauri. Loma biyar na yi, kowacce ta kai girman kan jariri. Na saki gyatsar da ta tashi kajin maƙwabta, na yi hamdala, na juya akushi cikin natsuwa irin ta manya.

Abin da ya isa gaban masaƙi rami ne. Ashe Kawu ɗan gutsure yake yi, ya daɗe yana tauna iska yana ba da labari, gefensa na nan kamar ba a taɓa ba. Ni hularsa nake kallo, ban taɓa kallon hannunsa ba.

Tsohon ya leƙa ramin, ya suɗe yatsa, ya dube ni.

"Ɗana, komai ka yi irin na kawunka," in ji shi. "Sai dai shi gyatsarsa ta ƙarya ce. Taka kuwa, Allah ya sani, ta gaskiya ce."